Christiaan Huygens, wanda ya daidaita tafiyar agogo

An haifi Christiaan Huygens a birnin Hague na ƙasar Holland a shekarar 1629.

Kafin zamaninsa, agogo kan yi kuskuren kusan minti 15 a rana. A 1656 ya ƙirƙiro agogo mai lilo, wanda ya rage kuskuren zuwa 'yan daƙiƙoƙi.

Salomon Coster ne ya fara ƙera masa shi a 1657. Daga nan aka samu ƙananan agogunan Hague masu akwatin katako da fuska lulluɓe da karammiski, waɗanda masu tara kayan tarihi ke rububinsu.

Sai dai babban burinsa, wato agogon da matuƙan jiragen ruwa za su dogara da shi, bai cika ba, domin tangaɗin jirgi kan dagula lilon.

Ya mutu a Hague a 1695.