Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Lissafi

Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace ne, mutumin ƙasar Katsina. Ya yi karatu wurin manyan malamai, cikinsu har da Malam Muhammadu Alwali na Bagarmi, sa'an nan ya kama hanyar Makka. Wajen 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi, watau gidajen da ake zuba wa lambobi har kowane layi ya ba da jimla ɗaya. In an jera 1 zuwa 9 daidai cikin gida tara, tsaye da kwance da karkace duk 15 ne. Bai bar abin ga dace ba, sai ya shimfiɗa ƙa'ida daki-daki, wadda ko almajiri ya bi ta zai cika babban hatimi ba kuskure. Irin wannan ƙa'ida ce ake tsara wa kwamfuta yau ta bi.

Ya rasu a Alƙahira cikin 1741, a gidan Shehu Hasan Aljabarti, ya bar masa littattafansa. Malaman makarantun Batsari da Safana, ku ba yara labarinsa, kada su zaci lissafi baƙo ne a Katsina. Allah ya jiƙansa.