Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Mai Gwandu

Ko da yaushe muna roƙon malaman makaranta su riƙa koya wa yara karatu da labarun magabata, gama yaro ya fi kama baƙi in labarin na gida ne. To, yaran Dodoru ba su da labarin da ya fi kusa da su kamar na Malam Abdullahi, wanda kabarinsa ke Gwandu.

An haife shi wajen shekarar 1766. Ya sauke Alƙur'ani wurin mahaifinsa, Muhammadu Fodiyo. Yana da shekara 13 aka danƙa shi ga wansa, Shehu Usmanu, ya yi ta ɗaukar ilmi. Shi ya ja rundunar Musulmi a Tafkin Kwatto cikin 1804, ya ci Birnin Kabi cikin 1805. Cikin 1812 Shehu ya ba shi riƙon ƙasashen yamma.

Da Shehu ya rasu cikin 1817, aka naɗa ɗansa Muhammadu Bello, zukata suka ɗan yi sanyi. Amma da Bello ya kawo masa gudummawa a yaƙin Kalambaina, sai Malam ya yi masa mubaya'a, ko da ya ke shi ne babba.

Yaƙi da mulki ba su raba shi da alƙalami ba. Ya wallafa littattafai masu yawa, har da tafsirin nan Liya'ut Tawili. Ya rasu cikin 1829. Yaron da ya koyi haɗa baƙi da wannan labari ya sami karatu, ya kuma sami ladabi. Allah ya jiƙan Malam, amin.