Blaise Pascal, masanin da ya auna abin da bai riga ya faru ba

An haifi Blaise Pascal ranar 19 ga Yuni, 1623 a garin Clermont da ke tsakiyar Faransa. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara uku, sai mahaifinsa Étienne, ma'aikacin gwamnati kuma gwanin lissafi, ya ɗauki nauyin karantar da shi a gida. Da aka tura uban aikin haraji a birnin Rouen, yaron ya ga yadda tara alƙaluma da hannu ke cinye masa dare da rana. A 1642, yana ɗan shekara 19, ya fara ƙera masa na'urar da ke yin tarawa da ɗebewa.

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa ya zo ne a 1654, lokacin da wani mai sha'awar caca, Chevalier de Méré, ya kawo masa wata tsohuwar matsala. Mutum biyu sun zuba tsabar zinariya 32 kowanne, a kan cewa wanda ya fara cin wasa uku shi zai kwashe 64 ɗin. Na farko ya ci biyu, na biyu ya ci ɗaya, sai wani uzuri ya tsayar da wasan. Yaya za a raba kuɗin ba tare da an zalunci kowa ba?

Masanan baya sun yi ta duba wasannin da aka riga aka yi. Pascal kuwa ya dubi waɗanda suka rage. Idan na farko ya ci wasa na gaba, 64 nasa ne. Idan ya faɗi, sun yi kunnen doki, kowa ya ɗauki 32. Ashe 32 ta tabbata a hannunsa ko ta halin ƙaƙa, sauran 32 kuma a raba biyu, tunda damarsu a kai ɗaya ce. Na farko ya tashi da 48, na biyu da 16.

Pascal ya yi musayar wasiƙu a kan batun da Pierre de Fermat, wani alƙali a Toulouse. Fermat ya bi wata hanyar: ya jera duk yadda wasa biyu na gaba za su iya ƙarewa, ya sami hanyoyi huɗu, uku daga ciki na ba na farko nasara. Kashi uku cikin huɗu na 64 kuwa 48 ne. Ƙa'idar da ɗaliban sakandare ke koya a yau ke nan: idan dukkan sakamako damarsu ɗaya, a ƙirga waɗanda ake so, a raba da jimillarsu. A kan wannan lissafi na yiwuwa kamfanonin inshora suka gina sana'arsu daga baya.

Daga watan Nuwamba na 1654 Pascal ya karkata ga ibada da rubuce-rubucen addinin Kirista, ga kuma rashin lafiya da ta daɗe tana cinsa. Duk da haka, a 1662 ya shiga cikin waɗanda suka kafa kekunan doki na haya a Paris, masu bin hanya tsayayya a kan farashi ɗaya. Ya rasu ranar 19 ga Agusta na wannan shekarar, yana da shekara 39.