Tarihin Sharl de Fuko, malamin Tamanraset

A wannan lamba za mu kawo muku tarihin wani Bafaranshe, Sharl de Fuko. Da yawa cikinmu mun ji sunansa a lakkwal, amma ba a cika gaya mana yadda ƙuruciyarsa ta kasance ba.

An haife shi a Strasburg a 1858, ɗan babban gida. Bai cika shekara shida ba uwa da uba suka rasu, kakansa ya riƙe shi. Tun yana saurayi ya bar addini. Da gadon kakan ya shiga hannunsa sai ya duƙufa ga ci da sha da neman mata. A makarantar sojan doki ta Somir, cikin mutum 87 shi ne ya zo na 87. A 1881, a Aljeriya, aka dakatar da shi daga aikin soja saboda ya ƙi rabuwa da farkar da ya zo da ita.

Daga 1883 zuwa 1884 ya zaga Maroko cikin shigar Bayahude, yana zana taswira a ɓoye. Can ya ga mutane suna barin komi idan lokacin salla ya yi, abin ya tsaya masa a rai. Mu da muke zaune nan Yamai, Musulmi da Kirista ƙofa da ƙofa, ya kamata mu san wannan: sallar Musulmi ce ta fara tada shi daga barci. A watan Oktoba 1886, a wata majami'a ta Paris, ya je wurin limami Uvelan don ya yi tambayoyi. Limamin ya sa shi ya durƙusa ya furta zunubansa. Ya durƙusa.

Ya yi shekara bakwai cikin masu zuhudu, sannan uku a Nazarat yana aikin bara. A 1901 aka naɗa shi limami, ya tafi Beni Abbes cikin hamada. Nan ya fanshi wasu bayi, ya kuma yi ta rubuta wasiƙu yana ƙorafi a kan yadda hukumar Faransa ta rufe ido ga bauta. A 1905 ya sauka Tamanraset, ƙasar Abzinawan Ahaggar, a zamanin sarkinsu Musa ag Amastan.

A 1907 ruwa ya ƙi, yunwa ta shigo. Ya rabar da hatsin da ya ajiye har ya ƙare. Farkon 1908 ciwo ya kada shi, ba ya iya tashi, ya sa ran mutuwa. Sai waɗannan talakawa da ba su da na kansu suka bi ƙasa suna neman awakin da ke da sauran nono, suka kawo masa, ya rayu. A ganinmu nan ne alherin Allah ya fi fitowa fili a rayuwarsa: wanda ya zo bayarwa ya koyi karɓa, daga hannun Musulmi kuma.

Ya shekara goma yana aikin ƙamus na Tamashek da Faransanci, shafi fiye da 2000, ya kuma tattara waƙoƙinsu. Bai mai da ko mutum ɗaya na Ahaggar Kirista ba. Akwai abin da ba za mu ɓoye ba: abokin hafsoshin Faransa ne, yana aika musu labarin ƙasa, yana kuma goyon bayan mulkinsu. Tuba bai wanke masa wannan ba.

Ran 1 ga Disamba 1916 wasu mahara suka fito da shi daga ganuwar da ya gina, suka ɗaure shi, wani yaro da aka bar wa tsaronsa ya firgita ya harbe shi. Cikin watan nan ne Kawsan ya kewaye Agadas. Ya mutu ba shi da almajiri ko ɗaya. Sai a 1933 aka kafa ƙungiyar Ƙananan Ƴan'uwan Yesu bisa tafarkinsa, ta mata a 1939, wasunsu har suka zo Nijar suka zauna a Agadas. A 2022 Paparoma Faransis ya sa shi cikin waliyyai. Kabarinsa na El Meniya, a Aljeriya.