Maikel Faraday, ɗan maƙeri

An haifi Maikel Faraday a shekara ta 1791, kusa da birnin Landan, a ƙasar Ingila. Ubansa maƙeri ne, talaka. Maikel bai daɗe a makaranta ba. Yana da shekara 14 ya shiga koyon ɗinkin littattafai. Littattafan da ake kawo masa, yakan karanta su. Haka son kimiyya ya kama shi.

A 1831, ya naɗa wayoyi biyu a jikin zoben ƙarfe, ba su taɓa juna. Duk sa'ad da ya kunna ko ya kashe wutar lantarki a ta farko, sai wuta ta motsa a ta biyu. Ƙarfin maganaɗisu ne ke ƙetarar da ita.

Faraday ya rasu a 1867, amma har yau ana cin moriyar aikinsa. Akwai salular da ake yi wa caji ba da igiya ba: bisa faifan caji ake ɗora ta. Cikin faifan akwai waya naɗe kamar gammo, cikin salular ma haka. In gammayen biyu ba su daidaita ba, wuta takan ɓace, ta zama zafi. Shi ya sa masana ke jera gammaye da yawa cikin faifai, don a aje salula ko'ina bisansa.

Tambayoyi
1. Wace sana'a Faraday ya fara koyo?
2. Don me ake jera gammaye da yawa?