Likita Ramazzini, Mai Tambayar Sana'a

An haifi Bernardino Ramazzini a Karpi, ƙasar Italiya, cikin 1633. Ya koyar da likitanci a Modena da Paduwa. Ya kan shiga wuraren aikin talakawa, ya lura mafasa duwatsu da masu rairayar hatsi suna shaƙar ƙura har tari da haki su kama su. Cikin 1700 ya wallafa littafi bisa cututtukan sana'o'i, ya hori likitoci su riƙa tambayar maras lafiya aikinsa. Ya rasu cikin 1714.

To, mu ma a Dogon Daji muna da masu sussuka da shiƙa. Wanda tarinsa ya daɗe, mu kai shi asibiti a auna ƙirjinsa, mu kuma gaya wa likita sana'arsa.