Awolowo: Lauyan da aka hana shi magana a rediyo, ya gina gidan talabijin

Ma'aikacin da ke tasowa daga Magajiya ta Suleja zuwa Abuja kullum sai ya wuce Dutsen Zuma, wanda aka buga a bayan takardar naira ɗari ta 1999. Mutumin da ke gaban takardar, Cif Obafemi Awolowo, yana cikin waɗanda suka fara ja da gwamnati a kan wa ke da ikon magana a rediyo a Nijeriya.

An haife shi a Ikenne ranar 6 ga Maris, 1909. Ya tashi maraya, ya yi koyarwa da aikin jarida, kafin ya tafi Landan karatun shari'a, ya zama lauya a 1946. Ya kafa jaridar Nigerian Tribune a 1949, sannan ya jagoranci jam'iyyar AG.

A ƙarshen Maris 1953, ɗan jam'iyyarsa Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa ba su yarda da wa'adin ba, 'yan AG suka fice daga majalisa. Gwamna John Macpherson ya shiga rediyon gwamnati, NBS, ya soki matakin. Awolowo ya nemi a ba shi damar mayar da martani, aka hana.

Bai kai ƙara kotu ba. Ya kai kokensa teburin gyaran tsarin mulki. Kundin Lyttelton na 1954 ya ba jihohi ikon kafa nasu gidajen watsa labarai. Ranar 31 ga Oktoba, 1959, gwamnatinsa ta Jihar Yamma ta buɗe WNTV a Ibadan, talabijin na farko a ƙasar. Gabas ta bi sahu a 1960, Arewa kuma a ƙarƙashin Sardauna ta buɗe nata a Kaduna a 1962.

Sai dai nasarar ba ta cika ba. Gidajen jihohi sun zama bakin jam'iyyun da ke mulki, kamar yadda NBS ta zama bakin Gwamna. Shi kansa an ɗaure shi a 1963 bisa zargin cin amanar ƙasa, Gowon ya sake shi a 1966. Yana raye sojoji suka haɗe gidajen talabijin a ƙarƙashin NTA da dokar 1977. Ya rasu ranar 9 ga Mayu, 1987, shekara biyar kafin a kafa hukumar NBC, a buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa.

Taƙaddamar tana nan. A Mayun 2023, Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta yanke cewa NBC ba kotu ba ce, don haka ba ta da ikon cin tarar gidajen watsa labarai. Duk jami'in da ke rubuta wasiƙar gargaɗi ga wata tasha, ya kamata ya tuna da 1953: wanda ake tuhuma yana da haƙƙin a ji ta bakinsa.